Daga gadon asibiti a Yamai zuwa keken ɗinki a Tawa

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Jiya da yamma aka sallame ni. Aikin tiyatar baya ran Talata aka yi mini shi, 5 ga wata. Ina gidan Yaya a Bukoki, nan zan zauna har likita ya yarda in hau mota zuwa Tawa. Malamar asibitin da ke kula da ɗakinmu ce ta ce in sayi kaye, wato littafin rubutu, in riƙa rubuta lokacin da na sha kowace ƙwaya, da inda ciwo ya kai daga 0 zuwa 10, don kada ran komawa in tsaya gaban likita ina “da sauƙi, alhamdu lillahi” bai ƙaru da komai ba. Ta san halinmu. Abin da na ga zai amfani wani daga cikin kayen shi zan riƙa ɗorawa a nan.

Ni tela ne, a kan keke na girma. Ƙasusuwan ƙugu biyar ne, tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi. Nawa na tsakanin na huɗu da na biyar, wanda suke rubutawa L4-L5, shi ya tsage ya turo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafar hagu. Shi ya sa ciwon bai tsaya a baya ba, ya bi ɗuwawu da gefen ƙauri har babban yatsa. An sha ƙwayoyi, an yi allurai. Da yatsan ya fara ƙin ɗagawa, silifa na zamewa daga ƙafata ban sani ba, sai aka turo ni Yamai, hoton IRM, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, ya nuna abin a fili. Ba a sa mini ƙarfe ba, guntun da ya fito kawai aka cire.

Takardar magani: parasetamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini da dare. Tramadol miligiram 50 safe, rana da dare. Ketoprofen na kwana biyar, a sha bayan an ci abinci, tare da omeprazol don ya kare ciki. Duka jika 14 da dala 100 a farmasi, wato sefa 14,500. Ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da ya fara aiki tun 1 ga Satumba ya taimaka wajen kuɗin gado da na aiki, amma bai shafi farmasin bakin titi ba.

Maganar likita da na fi riƙewa: “Malam, da agogo za ka sha, ba da ciwo ba. In ka bari ya tashi, ƙwaya biyu ma ba za ta kwantar da shi ba.” Na sa ƙararrawa a salula. Yau ciwon miki 5 in ina kwance, 7 in zan tashi. Ƙafa shiru, karon farko tun damina.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Katifar ƙasa da aka shimfiɗa mini ba ta yiwu ba, kwanciya da sauƙi amma tashi sai an kama ni. Yaya ya bar mini gadonsa na ƙarfe. Yadda aka koya mini tashi: in juya a gefe gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu tare, in sauko da ƙafafu, in tura da gwiwar hannu. Ba murɗa jiki, ba tashi kai tsaye daga rigingine. In zan kwana a gefe matashi tsakanin gwiwoyi, in rigingine ne matashi ƙarƙashinsu.

Bayi shi ne babbar matsala, na tsuguno ne. Ɗan Yaya ya tafi kasuwar Katako ya sayo kujerar roba, ya huda tsakiyarta da wuƙa mai zafi, aka ɗora bisa ramin. Jika 4 da dala 100. Duk wanda za a yi wa wannan aiki ya tanadi kujerar nan kafin ya shiga asibiti. Alwala kuwa yaron ne ke zuba mini ruwa a ƙafa.

Sallah na yi tsammanin a kujera zan riƙa yi, ashe zama ya fi tsayuwa ciwo. Limamin unguwa ya shigo gaishe ni, ya kawo hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari: ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a gefenka. Ya ce in tsaya in yi nuni da kai wajen ruku’u, in zauna a kujera in yi nunin sujada. Haka nake yi.

Da dare Yaya ya ɗauki kwalin tramadol ya juya shi. “Wannan ba Tramol ba ne? Ƙwayar ƴan kabu-kabu za ka sha mini a gida?” Na ce Yaya, ita ce, amma likita ya rubuta, kuma ya rubuta ranar dainawa. Bai ce komai ba, sai dai ya ce kwalin ya zauna a ɗakin matarsa, ita za ta riƙa ba ni. Ban ja ba. Akwai samari a gidan.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ciki ya ɗaure. Tun daga asibiti ban zaga da kirki ba, jiya da na gwada yunƙuri ciwon ya kai 8, har gumi ya karyo mini. Ba mikin kaɗai ba, duk ƙugun ya amsa. Mai farmasi da ya ga takardata ko tambaya bai yi ba, ya ce aikin tramadol ne, duk dangin maganin nan suna kashe wa hanji gudu, ga kuma kwanciya da ƙarancin ruwa. Ya ba ni laktuloz na ruwa, wanda ake sayarwa da sunan Duphalac, jika 3. Ya ce ba ya aiki nan take, in ba shi yini ɗaya zuwa biyu, kuma kada in yi yunƙuri ko kaɗan.

Matar Yaya ta sauya mini abinci. An ajiye biredi da farar shinkafa, an koma tuwo miyar kuɓewa, dambu da zogale da rana, gwanda da safe. Ruwa gora biyu manya. A ganina maganin ɗaurewar ciki ya kamata ya zo a takarda ɗaya da tramadol tun ranar sallama. Mutum mai sabon ɗinki a baya ba shi da halin gano wannan da kansa a bayi.

Tafiya: daga ɗaki zuwa zaure in dawo, duk bayan awa biyu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ciki ya saki. Ketoprofen ya ƙare. Miki 3 zuwa 4. Ƙanƙarar leda a naɗe cikin tawul, minti 15 a gefen bandeji, tana taimakawa da yamma. Na taka har bakin masallaci.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Daren jiya ban runtsa ba. Wajen ƙarfe biyu ƙafar hagu ta tashi, daga ɗuwawu zuwa yatsa, kamar an jona mata wayar wuta. Ciwon da ya kawo ni Yamai, shi ɗin dai. Na sha tramadol na dare a kan lokaci, bai taɓa shi ba. Abin da ya fi ciwon nauyi shi ne tunani: an sayar da rago biyu da keken ɗinki ɗaya, an yanka ni, ga shi abin ya dawo.

Da safe Yaya ya sami mataimakin likita a waya. Tambayoyinsa na rubuta su duka, don su ne ma’aunin da ke raba abin da zai jira da abin da ba ya jira. Fitsari na fita yadda ya saba, ko yana ƙin fita, ko yana zuba ba ka sani ba? Bayan gida fa? Tsakanin cinyoyi da wajen zama ya mutu? Ƙafar ta ƙara rauni fiye da ranar sallama? Akwai masassara? Mikin yana ruwa, ko ya yi ja ya kumbura? Kai na sara in ka miƙe, ya lafa in ka kwanta? Sha-raɓa ta kumbura? Ya ce ko ɗaya daga ciki aka ce e, a ɗauko ni yanzu, ko tsakar dare ne. Duk na ce a’a.

Sai ya yi bayanin da ya kwantar mini da hankali. Jijiyar da ta yi watanni a danne ba ta hucewa don an ɗauke mata nauyi, takan kumbura a makonnin farko, musamman da maganin kumburi ya ƙare kuma tafiya ta ƙaru. Ciwon miki daban, ciwon jijiya daban. Na miki nauyi ne da tsami a wuri ɗaya, motsi ke tada shi. Na jijiya zuga ne da ƙuna da tsira-tsira, yana bin layi, ya fi son dare. Na biyu ba ya cika jin maganin na farko. An ƙara mini pregabalin miligiram 75 da dare. Jika 12 kwali ɗaya, shi ya fi kowane tsada.

Daga yau kayen ya koma layi biyu, baya da ƙafa, kowane da lambarsa.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An cire ɗinki, miki ya bushe. Ɗinkin ma ba laifi, na duba da madubi biyu, hannun mai shi a miƙe yake. Taksi muka ɗauka mu kaɗai, jika 2 zuwa da dawowa, na zauna gaba an kwantar da kujera. Direban ya yi mini kirki wajen ramuka. Pregabalin na sa jiri da safe, sai na zauna bakin gado kaɗan kafin in miƙe. Ƙafa 5 da dare.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ƴan dubiya. Allah ya saka musu, amma zamansu ma aiki ne. An ce kada in wuce minti 20 a zaune, ga dattawan Adar mazauna Yamai sun cika ɗaki, ga shayi zagaye uku. Tsuguna wa manya ba hali, sai in dafa ƙirji in ce a gafarce ni. Yanzu Yaya ne ke faɗa musu tun daga zaure cewa a kwance zan gaisa, in na gaji da kwanciya in tashi in zagaya tsakar gida ana hira.

Kowa da maganinsa. Wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho a ƙugun ya zuƙe mataccen jini. Wani ya san maɗori a ƙetaren gulbi wanda ke taka baya ya koma daidai. Wata gwaggo ta ce tafiyar nan da nake yi ita za ta ɓalle aikin, mai ciwon baya kwanciya yake yi wata uku. Ita ce ta fi wuyar amsawa don da tausayi take faɗa. Na ce Gwaggo, likitan da ya yanka shi ya tashe ni tsaye washegari. Kwanciya ce ke sandarar da nama, ta ɗaure ciki, ta sa jini ya daskare a ƙafa. Ta ce to, zamani.

Wanda ya ba ni tsoro wani abokin sana’a ne da ya jira kowa ya fita ya zaro fale daga aljihu. Tramol na tebur, an rubuta 225. Ya ce da shi yake kwana ɗinki in sallah ta matso, rabin ƙwaya ya isa. Ƙwaya ɗaya tasa ta fi huɗu nawa, in har abin da aka rubuta ne a ciki, kuma iyakar da likitoci ke yarda da ita a yini da dare 400 ce. Wuce nan ne ke kawo faɗuwa da jijjiga, ga shi ina shan pregabalin, haɗa su da yawa na iya danne numfashi. Irin falen nan ne ake nunawa a talabijin in jami’an OCRTIS, masu yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, sun yi kamu. Na ce ya mayar aljihu. Tsakanin Yaya da ke ganin ko na likita haramun ne da wannan da ke ganin goro ne, mai ciwo sai ya riƙe takardarsa da kyau.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

An fara rage tramadol yadda likita ya tsara: a cire na rana tukuna, bayan ƴan kwanaki a cire na safe, na dare shi ne ƙarshe. Ba a yanke shi rana ɗaya ko da ciwo ya tafi, jiki ya riga ya saba. Baya 2 zuwa 3, ƙafa 3. Tafiya har bakin kwalta safe da yamma.

Lahadi, 1 ga Disamba

Saura na dare kawai. Hamma, hawaye, ɗan gumi, ƙafafu na ƙin zama wuri ɗaya in na kwanta. An faɗa mini zai zo. Ba shi da daɗi amma ba ciwo ba ne.

Laraba, 4 ga Disamba

Hazo ya sauko tun shekaranjiya, ko gidan da ke fuskantarmu da ƙyar ake gani. Mura ta kama rabin gidan har da ni. Jiya da asuba ina zaune bakin gado atishawa ta zo mini ba shiri, jiki ya dunƙule gaba. Na ji ƙugun ya kama, daga haƙarƙari zuwa ɗuwawu ya zama gungume. Tsayuwa a karkace, numfashi da dabara. Baya 7.

Na bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya: fitsari lafiya, ba rauni, ba masassara, ƙafa kuma ba ta ƙaru ba, tana nan 3. Wannan na ƙarshe shi ya sa ban firgita irin na wancan karon ba. A waya aka ce naman baya ne ya ɗaure don ya kare wurin. Ashe ciwo iri na uku ke nan, kuma shi ɗumi yake so ba ƙanƙara ba. An mai da ni tramadol safe da dare na ɗan lokaci, da ketoprofen kwana uku. Raina bai so ba, ina ganin bakin hanya aka dawo da ni baya.

Na sa aka kawo mini ƙyallen atamfa da allura, na ɗinka jaka da hannu ina kwance. Matar Yaya na ɗumama gero a kasko ta zuba a ciki, in ɗora a ƙugu minti 20. Yana riƙe zafi, yana bin siffar jiki. Sharaɗi ɗaya: ba a ɗora shi inda fata ta mutu, kamar gefen ƙaurina, don zai ƙona ka ba ka ji ba.

Sai batun maganin mura. Ɗan Yaya ya je sayo Fervex, mai farmasi ya tambaye shi me nake sha. Kowane ƙunshi na manya akwai parasetamol miligiram 500 a ciki. Wanda ke shan giram 4 ya ƙara ƙunshi uku ya wuce iyaka bai sani ba, kuma hanta ce ke biya, ba ta yin ƙara sai ta lalace. Ga shi yana sa barci bisa barcin pregabalin. An bar shi. Ruwan gishiri a hanci, zuma da lemun tsami, rawani a fuska in zan fita.

In atishawa ko tari zai zo yanzu: in miƙe, in dafa bango ko ƙugu, in ɗaga kai sama kaɗan, kada in yarda jiki ya naɗe.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ya saki. Baya 3. An koma tramadol na dare kawai.

Laraba, 11 ga Disamba

Na fara zuwa wurin kine, mai koya wa majinyata motsa jiki. Zama goma aka rubuta, jika 4 kowane, ban da taksi. Na zata tausa za a yi mini, ashe ni zan yi aikin. Rigingine, gwiwoyi a tanƙwashe, in shanye cibiya ciki ina numfashi, in manna ƙugu da katifa in saki. Sai ɗaga ɗuwawu sama a hankali. Sai na jijiya: a riƙe cinya, a miƙe gwiwa a hankali har a ji ja kaɗan, a saki, ba a tsayawa a kan zafin. Da kuma ɗaga babban yatsa da roba.

Kine ɗin mace ce, ta ga ɗamarar ƙugu da na ɗaura, wadda na saya jika 9. Ta ce, “Baba, wannan ta mota ce da doguwar tsayuwa. In ka kwana ka tashi da ita naman cikinka zai yi lalaci, ita za ta zama ƙugunka.” Ta kuma ba ni ma’auni mai sauƙi: ciwon da motsa jiki ya tayar, in ya tsaya a baya ya lafa kafin gobe, ba komai. In ya gangara ƙafa, a rage.

Na tambaye ta keke. Ta ce in kawo hoton yadda nake zama a shago. Na sa yarona a Tawa ya zauna a wurina a ɗauke shi.

Juma’a, 13 ga Disamba

Daren jiya ban sha tramadol ba, yau ma ba zan sha ba. Sauran ƙwayoyin matar Yaya ta mayar farmasi. Parasetamol ya koma sau uku.

Litinin, 16 ga Disamba

Pregabalin ya ƙare ran Asabar, farmasin da muke saye suka ce ya yanke musu. Ɗan Yaya ya bi farmasi masu gadin dare a kan babur har Plato, babu, sai wata ta ce a dawo Litinin. Dare biyu ba shi: barci ya ƙaurace, kai na ciwo, tashin zuciya, ƙafa ta hau 5. Shi ma ashe ba a yanke shi kwatsam. Yau aka samu na wani kamfani, jika 16. In a Yamai ana haka, to kafin in tafi Tawa sai na sayi na wata biyu, kuɗin kuwa sai an sake taɓa Yaya.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya, gari shiru. Jiya na ga likita. Ya karanta kayen shafi-shafi, ya tsaya a 18 ga Nuwamba da 4 ga Disamba ya yi tambayoyi. Ya sa na taka a kan dunduniya, na taka a kan yatsu. Babban yatsa ya fara ɗagawa, bai kai na dama ba. Mutuwar fatar gefen ƙauri ya ce ita ce ke tafiya a ƙarshe, tana iya ɗaukar watanni, wani lokaci ɗan wuri ya saura. Ya yarda in tafi gida. Kada in ɗauki abin da ya wuce kilo 5 yanzu. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ko kallonta kada in yi. Babur sai bayan ganinmu na gaba.

Talata, 24 ga Disamba

Na iso Tawa. Kusan kilomita 550 ne, ban yarda in yi su a zama ɗaya ba. Kujera biyu na saya a gaba, kusa da ƙofa, don in riƙa sauya zama. Ɗamara a ƙugu, tawul a naɗe a bayana, parasetamol awa ɗaya kafin tashi. Duk inda mota ta tsaya, Doso, Dogon Dutsi, ni ne farkon sauka, in yi ta zagaya ta har a kira. Fasinjoji suka ɗauka fitsari ke damuna. Na kwana Birnin Ƙonni wurin wani amini, washegari muka karya ta Tsarnawa muka bi Badagishiri. Wannan guntun ya fi gajarta amma ya fi girgiza. Da isowa baya 6, ƙafa 4. Jakar gero, kwanciya, yau da safe 3 da 2. Tafiyar duka ta ci jika 27.

Asabar, 28 ga Disamba

Inna ta zo da man kaɗe za ta murza. “Mi ankai maka haka, ɗana? Kwanta in gani.” Na ce Inna, kafaɗu da cinyoyi naki ne, tsakiyar nan ta likita ce. Ta yi tsaki amma ta bi. Tausarta na sa barci, ban ƙi ba.

Sanyin Tawa ya fi na Yamai cizo, da asuba ƙugu a sandare yake har sai rana ta ɗaga. Na mai da motsa jikin kine bayan hantsi, tafiya kuma bayan la’asar a gefen kwalta, don rairayi mai zurfi na gajiyar da ƙafar hagu. Ana kokowar takobi a Doso, ina kallo a talabijin a tsaye, jingine da bango. Uwargida ta ce ko ba ciwo dama ba na iya kallon kokowa a zaune.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Na leƙa shago. Kine ta riga ta yi wa hoton nan sharhi: kujera ba majingina, ta yi ƙasa, kai a sunkuye kan allura, ƙafa biyu na taka feda yini guda. Abin da aka gyara yau: an ɗaga teburin yanka da bulo biyu-biyu har ya kai ƙuguna, an sa ɗan akwati a ƙasa in riƙa ɗora ƙafa ɗaya. Kafinta zai yi kujera mai majingina wadda gwiwa ba za ta fi ƙugu tsawo ba, jika 8. Dutsen guga na gawayi da bandir ɗin shadda na yara ne. Awon tsawon wando ma su za su riƙa yi, ni in rubuta.

Na yi yanka na awa ɗaya a tsaye. Baya 3, ya lafa kafin magariba.

Laraba, 15 ga Janairu

Gwajin keke. Minti 20 ƙararrawa ta buga, na tashi na zagaya, na dawo. Zagaye na farko da na biyu lafiya. A na uku gefen ƙauri ya fara tsira-tsira, na tsaya nan. Da dare ƙafa 4, washegari 2. Ba zaman ne kaɗai ba, fedar ce: duk takawa tana jan jijiyar. Wuyan riga ɗaya na gama, aikin da da nake yi kafin shayi ya tafasa.

Masu kaya sun fara tambaya. Wata hajiya da ta saba kawo na gidanta duka ta ce ita hannuna take so ba na yara ba. Na ce Hajiya, yanka da wuya nawa ne, haɗi nasu, in bai yi miki ba a warware a kuɗina.

Asabar, 25 ga Janairu

Parasetamol sai ranar da na ji bukata, mako ya wuce ban sha fiye da giram ɗaya a yini ba. Baya 1 zuwa 2, ƙafa 1 zuwa 2, fatar ƙauri na nan a mace faɗin tafin hannu. Lissafin abin da ya fita tun daga sallama, ban da aikin kansa: magani wajen jika 85, fiye da rabi na pregabalin ne, kine 40, taksi da mota 50 da ɗoriya, kujeru da ɗamara da tarkace 25. Bashin Yaya jika 120.

Azumi zai kama wajen farkon Maris, ɗinkin sallah kuma tun tsakiyar Fabrairu yake fara taruwa. Na yi waya da likita: za a fara rage pregabalin daga mako mai zuwa, a hankali, in ƙafa ta yarda a gama kafin azumi, in ba ta yarda ba dama na dare ne, ba ya hana komai. Komawa Yamai tsakiyar Fabrairu, da kayen. Kayan sallah rabin na bara zan karɓa, a rufe karɓa ran 10 ga azumi, ba kwanan shago. Zan ɗauki ƙarin yaro ɗaya mai haɗi.

Saura feda. Mai gyara a kasuwa ya ce zai sa wa keken injin lantarki mai maɓallin ƙafa, in riƙa dannawa da dama. Ya ce jika 18, na ce 15, mun rabu a kan zai zo ran Litinin ya duba kan keken tukuna. In wuta ta ɗauke, yara su hau na feda, ni in koma teburin yanka.